Shekarar da Lambun Inna Ya Yi Shiru

A bayan gidanmu, tsakanin dangar kara da gangaren da ke sauka bakin ruwa, akwai wani ɗan fili da tun ina yaro ake kira lambun Inna. Baƙo in ya leƙa sai ya yi ta neman lambun bai gani ba, don babu layi, babu fangali, babu komai na tsari. Yakuwa ta cakuɗe da rama, gauta na gindin zogale, lalo ya fito duk inda ya ga dama, ɗoɗɗoya kuma ta cika bakin danga tana fure ba mai taɓa ta. A saman duk wannan hargitsi kabewa ke yaɗo. Takan hau danga, ta hau rufin ɗakin girki, wata shekara har ta tsallaka gidan maƙwabcinmu ta haihu a can.

Kabewar nan ba irin ta kasuwa ba ce. Doguwa ce mai wuya, bayanta toka-toka, cikinta ja wur, ga gari ga zaƙi. Inna na kiranta kabewar gungu, saboda daga tsibirin da aka haife ta ta zo da ita. Tana amarya aka gina madatsar Kainji, aka ce mutanen gungu su tashi ruwa zai cinye garin. Mutane na ta ɗora tukwane da awaki a jirage, ita kuwa ta ƙulle 'ya'yan kabewa a bakin zanenta. Garin yana ƙarƙashin tafki yanzu, da kushewar iyayenta da tsamiyar ƙofar gidansu. Ni ban taɓa ganinsa ba, a nan tudu kusa da Wara aka haife ni. Abin da na sani na gungu bai wuce ɗanɗanon miyar taushen Inna ba.

Tana da doka a kan iri. Duk kaka, in ta fasa kabewar da ta fi kyau, sai ta wanke 'ya'yan ta shanya a faifai, ta kasa uku. Kashi ɗaya na ƙasa, wato na shukar baɗi. Kashi ɗaya na gora, wanda take cuɗawa da toka ta ɗura a wani tsohon gora ta toshe da tsumma ta rataye a ɗakinta. Na uku na maƙwabta. Da yake shekaru sun ja, na maƙwabta ya bi ruwa: wasu sun koma albasa da shinkafa, wasu sun shuka kusa da kabewar kasuwa iri ya gauraye ya zama wani abu dabam. Inna ba ta daina bayarwa ba, amma ta san ainihin abin yana wurinta kawai.

Ni malamin firamare ne, na yi shekaru ina koyarwa a Yelwa. Da idon Inna ya fara dushewa na nemi a maido ni gida, na dawo da matata da littattafaina da kuma ra'ayina a kan yadda ya kamata a yi komai. Ina da wannan hali, ba zan ɓoye ba. In na ga abu a karkace hannuna ƙaiƙayi yake yi. A daminar da ta gabaci dawowata ruwa ya yi yawa, tafki ya hauro har gindin danga, ya kwana bakwai ko fiye a lambun, kabewar shekarar duk ta ruɓe tun ba ta ƙosa ba. Saboda haka lokacin da na karɓi lambun babu iri ko ina sai na gora.

Ranar da ruwan shuka ya sauka Inna ta miƙo mini goran ta ce, "Ɗebi rabi ka shibka, ka maido min da saura."

Na zazzage a tafin hannu, na ga ba su fi cikin hannu ɗaya ba, kuma sun shekara biyu a toka. Na yi lissafin 'yan boko: tsohon iri ba duka ke tsira ba, in na shuka rabi ƙila biyu ko uku su fito. Sai na shuka duka. Na mayar da tokar a gora na toshe, na rataye mata a inda yake. Ba ta girgiza shi ba, don ba ta taɓa zaton ɗanta zai yi mata haka ba. Ni ma a lokacin ban ɗauka na yi wani abu ba, gani nake na taimake ta.

Suka tsira, kusan duka. Na yi ta fankama. Na ja igiya na yi layi, na cire ciyawa, na raba yakuwa da rama kamar yadda nake raba masu surutu a aji. Ɗoɗɗoyar bakin danga ma na so in share, Inna ta ji ƙarar fartanya ta ce in bar mata abinta, abincin baƙinta ne.

Baƙin Inna su ne ƙwari. Kullum bayan sallar asuba, in gari ya fara haske, takan lallaba da sandarta ta zauna a 'yar kujerarta a ƙofar lambu da kwanon koko. Ba ta gani sosai, amma kunnenta ras. Ƙudan zuma ne ke fara zuwa, daga amyar maƙwabcinmu da ke rataye a ɗorawa, su faɗa cikin furannin kabewa tun raɓa ba ta bushe ba. Sai wani baƙin ƙwaro ƙato mai ƙugi, wanda take ce wa mai unguwa, don shi ba ya sauri. Can in rana ta ɗan ɗaga malam-buɗe-littafi ya iso, da mazari daga bakin ruwa, da zanzaro mai ɗiban laka. Takan ce, "Mai unguwa ya makara yau," ko "Zuma sun yi sammako, za a yi rana." Ni dai nakan yi dariya in wuce makaranta, ina ganin hirar tsufa ce.

Maƙwabcin nan namu dattijo ne Bakambare, muna ce masa Baba. Shi da mahaifina marigayi tare aka tsugunar da su a wannan tudu. Ranar Lahadi yakan sa farar rigarsa ya tafi coci, sauran kwanaki yana gona ko yana gindin ɗorawa yana gyaran amya. Duk Sallah sai ya aiko wa Inna da zuma a kwalba, ita kuma duk Kirsimeti sai ta aika masa da kabewa mafi girma. Ba mai yawan magana ba ne.

Da damina ta yi tsakiya kabewa ta rufe ƙasa, ganye kamar faifai, ta fara fure. Sai ga wasu jajayen ƙwari ƙanana sun sauka suna huda ganyen. Inna ta ce in barbaɗa toka da safe, in tsince waɗanda na gani, sauran in bar su, ganye ya ishe mu da su. Raina bai so ba. Ni da na ja layi da igiya, a ce ganyena ya zama rariya? Wani abokin aikina mai noman shinkafa a fadama ya ce yana da ragowar maganin feshi mai ƙarfi, ya ara mini har da injin goyawa.

Na jira ranar Asabar da matata ta kai Inna Yelwa a duba mata ido. Suna fita da sassafe na goya injin. Furanni duk a buɗe, rawaya shar, zuma na ta shige da fice. Na gan su da idona. Na ce a raina ai za su tashi in sun ji wari. Na feshe lambun kaf, ganye da fure, har ɗoɗɗoyar bakin danga, na wanke injin na mayar kafin azahar.

Washegari Inna ta zauna a kujerarta. Ina tsaye a bayanta ina ɗaura agogo. Ta kai koko baki, ta sauke ba ta sha ba. Ta karkata kai gefe ɗaya, ta daɗe haka.

"Wanga lambu ya yi shiru," in ji ta.

Na ce ƙila hadari ne ya hana su fitowa.

"Babu hadari. Mi kay yi musu?"

Na shiga cikin lambun kamar mai duba wani abu, don in kauce wa fuskarta. A cikin furen farko da na leƙa akwai zuma biyu a dunƙule, ba motsi. Na gaba ma haka. A ƙasa ga mazari, ga ƙoƙi-ƙoƙi ya miƙe ƙafafu, ga mai unguwa kwance a bayansa a kan ganye. Har wani ƙadangare na gani a gindin zogale yana layi, da alama ya ci gawarwakin.

Kafin in fito sai ga sallamar Baba a bakin danga. Yana riƙe da ɓawon ƙwarya, ya miƙo mini ta saman kara. Cike yake da matattun zuma da ya tsince a gindin ɗorawa.

"Malam, an tashi lahiya?" ya ce. "Ba ƙara na kawo ba. Na ce dai ka gani."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya karɓi ƙwaryarsa ya juya. Cikin kwana uku sauran zuman suka yi ƙaura, amya ta zama fanko. Jajayen ƙwarin kuwa, waɗanda saboda su na yi wannan aika-aika, mako bai zagayo ba suka dawo abinsu. Garin gyaran gira na tsone ido.

Kabewa ba ta daina fure ba. Furenta iri biyu ne, akwai mai siririn tsinke, akwai mai ɗan ƙulli a gindi kamar ƙwallon goriba, wanda shi ke zama ɗa. Sai na ga ƙullin nan yana kwana biyu ya yi rawaya, ya yanƙwane, ya faɗi. Yau uku, gobe biyar. Inna ba ta gani, amma takan sa in kawo mata abin da ya zubo, ta murza a yatsa ta ajiye a gefe. Ranar da suka cika mata cinya ta ce, "To, bana ta wuce. Allah ya sa na gora na nan. Ɗauko min shi in ji."

Na ɗauko. Na miƙa mata. Ta girgiza a kusa da kunne sau ɗaya, sau biyu. Ta zare tsumman ta zazzage a cinyarta, toka zalla. Ta sa yatsu tana lalube cikin tokar a hankali, ko za ta dace da ƙwaya ɗaya. Wannan laluben har yau in na tuna shi sai na runtse ido.

Na durƙusa na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ruwa sun ci gari ba su ci kabewar ga ba." Ta nemi sandarta ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma abin da ya ƙara mini ita shi ne na san dalilin zubewar. Shekara nawa ina zana fure a allo da alli, ina zana ƙudan zuma da kibiya daga wannan fure zuwa wancan, ina sa yara su maimaita cewa ƙwari ne ke kai garin fure? Har bulala na yi a kan wannan darasi. Ashe a allo kawai na san shi.

Wannan darasin dai shi na koma wa, tunda ba ni da wata dabara. Da asuba na fizgi gashin kaza, na shiga lambu na durƙusa cikin raɓa. In shafo garin furen mai tsinke, in lallaba in shafa a cikin mai ƙulli, in matsa gaba da rarrafe. Dole a gama kafin rana ta ɗaga, don furen kabewa da hantsi yake rufewa kuma ba ya sake buɗewa. Matata ta leƙo ta ga mutum mai furfura a gemu yana rarrafe da gashin kaza, ta toshe baki ta koma. A rana ta uku Inna ta fito ta zauna a kujerarta. Ta saurari motsina cikin ganye, ta tambayi matata abin da nake yi. Da aka gaya mata sai ta ce, "Madalla. Shi yak kori ma'aikata, sai shi yi aikin." Can kuma ta ƙara da cewa, "Amma zuma na waƙa in suna aiki. Kai ko nishi kakai."

Wannan ce maganar farko mai kama da wasa da ta yi mini tun ranar gora, kuma na ji daɗinta ƙwarai.

Na yi kusan wata guda ina wannan rarrafe. A nan ne na fara ganin lambun, don mai tsaye ba ya ganin komai. Na ga yadda tururuwa ke da hanyarta a ƙarƙashin lalo, kullum nan take bi. Na ga furen kuɓewa fari ne mai jan ciki, ni da na shekara hamsin ina shan miyarta ban taɓa kula ba. Na san ƙamshin ɗoɗɗoya in gwiwa ta murje ta, da sanyin gauta in an tsinko shi da raɓa an gatsa a wurin. Bayan an yi ruwa uku ko huɗu masu ƙarfi sun wanke ganyen, mazari ya fara dawowa, sai malam-buɗe-littafi ɗaya ɗaya. Zuma dai shiru. Na daina jan igiya, na bar yakuwa ta koma wa ramarta.

Duk wahalar nan 'ya'ya uku ne suka kama. Hannuna bai kai na zuma iyawa ba, kuma damina ta riga ta ja. Ɗaya tsutsa ta huda shi. Ɗaya ya kwanta a laka ya ruɓe ta ƙasa ban lura ba. Na ukun na ɗora shi a kan fasasshen kasko, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ina dawowa daga makaranta kafin in cire takalmi sai na je na duba shi. Inna takan sa a kai ta wurin, ta shafa wuyansa, ta ƙwanƙwasa da yatsa ta ce, "Da saura."

Da kaka ta yi, ranar wata Juma'a, ta ƙwanƙwasa ta ce a yanko. Ba ta kai girman na da ba, amma da aka fasa cikinta ja wur. Matata ta yi taushe da yakuwa da busasshen kifi. Inna ta kai loma ɗaya, ta tauna a hankali, ta ce, "Ita ta." Na sunkuyar da kai a kan kwanona don kada a ga idona.

Da 'ya'yan suka bushe ta sa aka kawo mata faifan. Da lalube ta kasa su uku. Ta tura mini kashi ɗaya ta ce na ƙasa ne. Ta ba matata ɗaya ta raba wa maƙwabta. Na ukun ta cuɗa da toka ta ɗura a gora ta toshe. Na miƙa hannu in karɓa in rataye mata, sai ta riƙe abinta, ta ce a kira mata Baba. Da ya zo ta ce in ba su wuri. Daga tsakar gida na hango shi ya fita da goran a hammata.

Abin ya yi mini ciwo. Ni ne ɗanta, ni na yi rarrafen, amma ajiyar gidanmu ta koma gidan wani. Na yi kwanaki ina cika ina batsewa, matata ta ce mini, "Malam, in kai ne ita, wa za ka ba?" Daga nan na sauko.

Damina ta gaba na shuka na ƙasa, na yi yadda aka ce tun farko: toka da safe, tsince da hannu, sauran a bar wa masu ci. Baba ya sake shafe amyarsa da kashin shanu ya turara ta ya mayar kan ɗorawa, amma ba ta kama ba. Zuma 'yan ƙalilan ne ke zuwa daga nesa, don haka ban ajiye gashin kazata ba. Mun sami kabewa shida. Inna ta kasa iri uku kamar kullum, na gora kuma ta sake aikawa gidan Baba. A ranin shekarar, ana tsakiyar zafi, Allah ya yi mata rasuwa bayan 'yar gajeriyar jinya. Baba ya zauna makoki tare da mu kwana uku a ƙofar gida. Bai ce komai a kan gora ba, ni ma ban tambaya ba.

Ruwa ya sake sauka, na sake shuka. Kujerar Inna na nan a ƙofar lambu, ban ɗauke ba, sai na wayi gari ni ke zama a kai da kokona kafin in tafi makaranta. Ɗoɗɗoya ta cika bakin danga fiye da kowace shekara, don ban ko kusance ta da fartanya ba. Wata safiya, kabewa na cikin fure, ina zaune sai na ji lambun na amo, wani sauti ƙasa-ƙasa daga kowane ɓangare. Na ɗaga kai na dubi ɗorawa, bakin amya baƙi ƙirin da zuma. Har mai unguwa ya iso a makare yana ƙugi.

Ban san Baba na tsaye a bakin danga ba sai da ya yi gyaran murya. Ya daɗe a wurin, da alama, ya karkata kai gefe ɗaya yana saurare. Muka gaisa. Ya tafi gidansa, jim kaɗan ya dawo ya miƙo mini goran ta saman kara.

"Tac ce in riƙe," in ji shi, "sai ranar da naj ji lambun ga na magana. In na ji, in ba ka, ka zama mai shi."

Na karɓa da hannu biyu. Tsumman bakin nata ne, wani yanki na tsohon zanenta. Na kai goran kusa da kunne na girgiza, na ji 'ya'yan suna motsi a cikin toka.